Awon Iskar Cikin Ƙunshin Abinci Ba Tare da an Buɗe Shi ba

Abincin da ke zo mana a ƙunshe ya cika kasuwanninmu. Madarar gari, tumatirin gwangwani, biskit, taliya, garin kunun yara, duk ana samun su a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, har bisa teburin ƙaramin ɗan kasuwa na ƙauye. Mai saye yakan dubi kyan leda, ya tambayi kuɗi, ya biya. Amma akwai abin da idonsa ba ya gani, alhali kuwa shi ne ke tsare abincin daga lalacewa. Wannan abu shi ne ƴar iskar da aka rufe tare da abincin.

A ƙasashe masu manyan masana'antu an samo dabarar auna wannan iska da haske, ba tare da an huda ƙunshin ba. Ya kamata ku san wannan dabara, domin wani ɓangare na cimakarku daga irin waɗannan masana'antu yake fitowa. Ya kamata kuma ku san iyakarta, domin daga inda aikin na'ura ya ƙare, daga nan naku yake farawa.

Maganar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo sabili da gurɓataccen abinci, dubu 420 kuma su mutu. A cikin mamatan, dubu 125 yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. A Afirka, masu kamuwa sun wuce miliyan 91, masu mutuwa kuma dubu 137.

Mece ce iska?

Iskar da muke shaƙa haɗi ce. Idan aka raba ta kashi 100, kashi 78 iskar azot ce, wadda a Nijeriya ake kira naitirojin. Kashi 21 oksijan ne. Ɗan abin da ya rage ya ƙunshi wasu iskoki, cikinsu har da iskar karbon, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, wadda kuma ke sa kumfa cikin lemun kwalba.

Oksijan shi ne ke raya mutum da dabba, shi ne kuma ke sa wuta ta ci. Amma kamar yadda yake raya mu, haka yake raya ƙwari da funfuna da ƙwayoyin cuta masu yawa. Shi ne ke sa man gujiya ko ƙuli-ƙuli ya canja wari da ɗanɗano idan ya daɗe a buɗe. Azot ba ya yi wa abinci kome. Ita kuwa iskar karbon, idan ta yi yawa, tana hana funfuna da wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Dalilin canja iskar cikin ƙunshi

Da masana suka gane haka, sai suka ce: me zai hana a fitar da iskar da ke ɓata abinci, a sa wadda ke tsare shi? Tun wajajen 1930 ake ɗaukar naman shanu cikin jirgin ruwa daga Ostareliya da Niyuzilan zuwa Ingila, a cikin ɗakunan sanyi da aka ƙara wa iskar karbon. Daga baya aka mai da dabarar cikin ƙananan leda da robobi na kanti.

Kowane abinci da iskar da ta dace da shi. Madarar gari da soyayyen dankali da gujiya, ana kore musu oksijan a cika da azot, don kada mansu ya lalace. Burodi da cuku, ana sa musu iskar karbon sabili da funfuna. Ɗanyen jan nama shi ya fita dabam: sau da yawa ana sa masa oksijan kashi 70 zuwa 80, sauran kuma iskar karbon, domin oksijan ne ke riƙe jan launinsa.

Kuna da misali a gida. Abincin nan na yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda mata da yawa ke kira biskit, a cikin irin wannan tsararriyar iska ake rufe shi. André Briend da Michel Lescanne ne suka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kamfanin STA na Yamai kuma ya fara yin shi a 2005, shekarar da tamowa ta yi tsanani a jahar Maraɗi. Kowace leda tana da giram 92. Muddin tana rufe, aka kuma ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 30 ba, tana kai wata 24. Amma da zarar an buɗe ta, an ce a cinye cikin awa 24. Ku dubi bambancin: shekara biyu a rufe, kwana ɗaya a buɗe.

Sai dai dabarar tana da rauni guda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƴar kafa wadda ba ta kai tsinin allura ba, ko ɗan gari da ya maƙale a bakin leda lokacin liƙewa, ya isa ya bar iskar waje ta shiga a hankali. Ledar tana nan da kyanta, kwanan watan da aka rubuta bai cika ba, amma abincin ya fara lalacewa. Shi ya sa tilas ne masana'anta ta riƙa auna iskar.

Tsohuwar hanya: awo da allura

Hanyar da aka saba ita ce, ma'aikaci ya ɗauki ƙunshi biyu ko uku daga layin aiki lokaci-lokaci. Sai ya liƙa ƴar roba a jikin ledar, ya soka allura ta cikinta. Wata na'ura ta zuƙo iskar, ta nuna yawan oksijan da na karbon. Ƙunshin da aka soka ya tashi daga aiki, sai a zubar.

Ku yi wannan lissafi a matsayin misali. A ce layi yana fitar da ƙunshi 60 a minti ɗaya, ana kuma gwaji bayan kowane minti 30. Tsakanin gwaji da gwaji ƙunshi 1800 sun wuce ba wanda ya duba su. Idan injin liƙi ya sami matsala jim kaɗan bayan gwajin farko, ba za a sani ba sai an yi na biyu. Daga nan masu masana'anta suna da zaɓi biyu, kuma duka asara ce: ko su zubar da 1800 ɗin, masu kyau da marasa kyau, ko su bar su su tafi kasuwa.

Wannan ya yi kama da mai sayen hatsi da ke soka ƙarfe a buhu ɗaya cikin ɗari, ya yanke hukunci bisa sauran. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yi kuskure.

Sabuwar hanya: awo da haske

Ku ɗaga ƙaramin kofin shayi na gilashi, ku dubi rana ta cikinsa. Idan shayin farko ne mai kauri, haske kaɗan ke ratsawa. Idan na uku ne da ya tsinke, hasken ya fi yawa. Ba ku ɗanɗana ba, amma kun san ƙarfinsa. A bisa wannan hikima sabuwar na'urar take aiki.

Kowace iska tana da irin hasken da take sha, ta bar sauran su wuce. Oksijan yana shan wani jan haske mai duhu, wanda da ƙyar idon mutum ke ganinsa. Masana suna auna irin haske da ma'aunin nanomita, wato milimita ɗaya a raba ta kashi miliyan. Hasken da oksijan ke sha yana wajen nanomita 760. Iskar karbon da tururin ruwa, kowanne da nasa wurin.

Sai a kafa ƴar fitila mai fitar da siririn haske iri ɗaya tak, wadda ake kira leza, a gefe ɗaya na layin aiki. A ɗaya gefen kuma a kafa abin karɓar haske. Ƙunshi yana wucewa, hasken ya ratsa wurin da iska take a cikinsa. Kwamfuta ta gwada hasken da ya shiga da wanda ya fita. Idan abin da aka sha ya yi yawa, oksijan ya yi yawa ke nan, wato ko ba a kore shi da kyau ba, ko ledar tana yoyo. Nan take wani hannun ƙarfe ko feshin iska ya ture wannan ƙunshi gefe, sauran su wuce. Ba a huda ko ɗaya ba, kuma an duba kowanne.

An daɗe ana amfani da wannan awo a masana'antun magani, inda ake duba ƙananan kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya. Kwalba tana da sauƙi, domin haske yana ratsa ta kai tsaye. Abinci ya fi wuya: leda tana da zane, roba tana da kauri, abincin kansa yana watsa haske. A 2001 masana na jami'ar Lund a ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Sune Svanberg, suka nuna yadda za a auna iska ko da hasken ya warwatsu cikin abin da ya ratsa. Daga wannan bincike aka kafa kamfanin Gasporox a 2005. Daga 2013 zuwa 2016 kuma Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani aiki mai suna SAFETYPACK, wanda masana na birnin Padova a Italiya suka jagoranta. An gwada na'urorin bisa layin ƙunsar cukun mozarela a Italiya, da bisa layin wata gurasa mai faɗi da ake kira tortiya a Suwidin.

Amfanin a bayyane yake. Ba a zubar da abinci don gwaji. Ana gane matsalar injin liƙi tun daga ƙunshin farko. Ana kuma iya auna ƙunshi guda yau, a sake auna shi bayan wata ɗaya, bayan wata shida, a ga yadda iskarsa ke canjawa. Ta haka ake ƙara sanin kwanan watan da ya dace a rubuta.

Abin da na'urar ba ta iyawa

Kada ku ɗauka wannan awo ya raba mu da gurɓataccen abinci. Yana da iyaka guda huɗu.

Ta farko: haske ba ya ratsa ƙarfe. Gwangwanin tumatir da na kifi, da ledar da aka yi wa shimfiɗar alminiyon a ciki, ba a iya leƙa su da leza. Irin waɗannan sai da wasu dabaru. Ana matsa ledar a shinshina ko iskar karbon tana fita. Ana sa ta cikin ruwa a ga ko kumfa zai tashi. Gwangwani kuma ana auna lotsawar murfinsa, ko a saurari amon da yake yi idan an buga shi.

Ta biyu: na'urar iska take gani, ba ta ganin ƙwayar cuta. Akwai ma ƙwayar da ta fi jin daɗi inda babu oksijan. Ita ce ke kawo ciwon botilizim, mai shanye jiki har ya hana numfashi, kuma takan tsiro cikin gwangwanin da ba a dafa da kyau ba. Don haka rashin oksijan shi kaɗai ba ya nufin abinci yana da lafiya. Tsabta da dahuwa da sanyi suna nan bisa matsayinsu.

Ta uku: na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki mai ɗorewa da gwanin gyara. Ƙungiyar mata mai yin garin kunu, ko mai kilishi da ke sa kayansa cikin leda, ba su ne masu sayenta ba. Wannan yana da sakamako a ciniki. Duk lokacin da manyan masana'antu suka ƙara ingancin awonsu, mai saye na ƙasar waje yakan nemi irin wannan tabbaci daga kowa. Ƙananan masu sarrafa abinci na ƙasarmu ba za su yi takara da leza ba. Abin da ke hannunsu shi ne busar da kaya sosai, sayen leda mai kauri, liƙe baki da kyau, da rubuta ranar yi da ranar ƙarewa bisa gaskiya.

Ta huɗu ita ta fi shafarku: na'urar tana ba da shaida ne bisa ranar da ta yi awon kaɗai.

Daga ƙofar masana'anta zuwa kasuwarku

Nijar ba ta da bakin teku. Kayan da aka ƙunsa a Turai ko Asiya sai sun yi makonni cikin jirgin ruwa, su jira a tashar jiragen, sannan su hau babbar mota su yi tafiyar fiye da kilomita 1000. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da jinkiri. Bayan sun iso, ga lodi da saukewa, ga ɓera a mangaza, ga ranar watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Zafi yana gaggauta lalacewar abinci ko da ledar ba ta huje ba.

Sannan ga al'adar ƙulli. Ana buɗe babban buhun madarar gari a ƙulla shi cikin ƙananan leda, ko a buɗe gwangwanin tumatir a sayar cokali-cokali. Talauci ne ya kawo haka, ba a zargin kowa. Amma ku sani, da zarar an buɗe, azot ɗin da masana'anta ta sa ya tafi, kwanan watan da ke jikin buhun kuma ya daina aiki. Abin da kuka saya a ƙulle, ku yi amfani da shi da wuri.

Hikimar tana cikin rumbunku

Manoman wake sun san wannan ilimi, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Wanda ya cika bido ko duro da wake ya toshe bakinsa, da iska yake yaƙar ƙwaro. Haka ma buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, tare da masu bincike na INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. Ƙwarin da ke cikin waken su ne ke shaƙe oksijan ɗin da kansu. Idan ya ƙare, sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu, ba tare da an sa maganin ƙwari ba.

Dokar masana'anta da ta rumbu ɗaya ce: kada iska ta shiga, kuma kada a buɗe don dubawa. Duk lokacin da kuka kwance buhun don ku ga ko waken yana lafiya, kun sake ba ƙwarin numfashi. Ku ma kuna iya dubawa daga waje. Kafin ku zuba wake, ku cika kowace leda da iska, ku riƙe bakinta, ku danna, ku ji ko tana saki. Bayan kun ɗaure, ku ɗora buhun bisa katako nesa da bango, ku riƙa duba jikinsa ko ɓera ya taɓa. Kuma kada ku rufe hatsi ko gujiya mai danshi. Rufi ba ya kawar da gubar funfuna da ta riga ta shiga.

Abin da za ku duba kafin ku biya kuɗi

1. Ledar biskit ko ta soyayyen dankali da ke kumbure kamar matashin kai, da gangan aka cika ta da azot. Ku ɗan danna ta. Idan ta riƙe iskarta, rufinta yana nan. Idan ta saki, ku bar ta.

2. Gwangwanin da murfinsa ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a wurin haɗi, kada ku saya, kada ku ɗanɗana. Wannan kumburi daga ƙwayoyin cuta ko daga lalacewar ƙarfen yake fitowa. Haka ma kwalin madara ko robar yawur da ta kumbura.

3. Ƙunshin da aka zuƙe wa iska, kamar yis na masu burodi, ya kamata ya yi tauri kamar tubali. Idan ya yi laushi, iska ta shiga.

4. Kwalba mai murfin ƙarfe, tsakiyar murfin a lotse take. Idan kun danna ta tana motsi sama da ƙasa, an taɓa buɗe ta ko ta yi yoyo.

5. Ku karanta rubutu. Idan kun ga «conditionné sous atmosphère protectrice», ana nufin an canja iskar cikin ƙunshin. «À consommer jusqu'au» yana nufin kada a ci bayan wannan rana. «À consommer de préférence avant» yana nufin bayan wannan rana ɗanɗano da inganci suna iya raguwa. Lambobin da ke biye su ne rana da wata da shekara.

6. Kada ku sayi kayan da aka baza a rana. A gida ku ajiye su a inuwa, sama da ƙasa.

7. Idan ledar abincin yaro mai tamowa ta huje ko tana tsiyayar mai, kada ku ba shi. Ku mai da ita wurin ma'aikacin lafiya.

Kun ga ke nan amfanin karatun da kuke yi. Wanda ya iya karanta rana da wata a jikin gwangwani ya tsare kuɗinsa, ya tsare lafiyar ƴaƴansa, yana kuma iya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Waɗanne abinci na ƙunshi ake saya a gidanku kowane mako, kuma wanne ne a cikinsu ake saye a ƙulle?

Idan layi yana fitar da ƙunshi 40 a minti ɗaya, ana gwaji da allura bayan kowace awa ɗaya, ƙunshi nawa ke wucewa tsakanin gwaji biyu?

Me ya sa kumburin ledar biskit alama ce mai kyau, kumburin gwangwani kuma alamar haɗari?

Kowa ya zo da leda ko gwangwani ɗaya a zama na gaba, ku nemo kwanan watan da ke jikinsa, ku rubuta shi a allo.